Tai Solarin

Augustus Taiwo Solarin, wanda aka fi sani da Tai Solarin (20 ga Agusta 1922 – 27 ga Yuli 1994), malamin makaranta ne, marubuci a jaridu, kuma ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin talakawa, daga garin Ikenne da ke Jihar Ogun ta yanzu. Shi da matarsa Sheila ne suka kafa makarantar Mayflower a 1956, wadda ake yawan ambatawa a matsayin makaranta mai zaman kanta ta farko a Najeriya da ba ta jingina da kowane addini ba.

Solarin yana cikin 'yan Najeriya ƙalilan na zamaninsa da suka fito fili suka ce ba sa bin wani addini. Ra'ayinsa shi ne gaskiya da riƙon amana da taimakon jama'a suna iya tsayuwa a kan hankali da sanin haƙƙin ɗan Adam kaɗai, kuma ya yi ƙoƙarin nuna hakan a aikace fiye da a baki. Yawancin 'yan ƙasa, Kirista da Musulmi, ba su yarda da aƙidarsa ba, amma da dama cikinsu sun shaide shi da gudun abin duniya da tsayawa kan magana ɗaya. Gwamnatoci daban-daban sun tsare shi saboda sukar da yake yi musu.

Asali da ƙuruciya

An haifi Solarin a Ikenne, a yankin Remo na ƙasar Yarabawa, garin da shi ne kuma mahaifar Cif Obafemi Awolowo. Yawancin littattafai sun ba da shekarar 1922 a matsayin shekarar haihuwarsa, wasu kuma 1916.

Tagwaye aka haife su shi da 'yar'uwarsa. A al'adar Yarabawa, wanda ya fara fitowa cikin tagwaye shi ake kira Taiwo, na biyun kuma Kehinde, kamar yadda Hausawa ke da Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina. Asalin sunan Taiwo jimla ce da aka dunƙule, mai ma'anar wanda ya fara ɗanɗana duniya. Tai taƙaitawar sunan ce, kuma da ita ya riƙa sa hannu a rubuce-rubucensa.

Ya tashi a gidan Kirista mabiya ɗariƙar Methodist, ya yi karatun farko a makarantun mishan, sannan ya shiga Kwalejin Wesley da ke Ibadan, wadda ɗariƙar ta kafa domin horar da malamai. Ya koyar na wasu shekaru kafin ya bar ƙasar. Ke nan addinin da ya bari daga baya ya san shi ciki da waje, domin a cikinsa ya girma kuma ya yi karatu.

Aikin soja da karatu a Ingila

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Solarin ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya, inda aka horar da shi aikin duba taswira da nuna wa matuƙin jirgi hanya. Bayan yaƙin ya tsaya a Ingila ya yi digiri a Jami'ar Manchester, ya ƙara da karatun aikin koyarwa a Jami'ar Landan. Ya haɗu da Sheila Mary Tuer, Baturiya, suka yi aure a 1951. Sun haifi 'ya'ya biyu.

Shekarun da ya yi a can sun zo daidai da lokacin da ƙungiyoyin masu ra'ayin gina ɗabi'a a kan ɗan'adamtaka ba tare da addini ba suke ƙara ƙarfi a Turai. A 1952 ne irin waɗannan ƙungiyoyi suka haɗu a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka kafa ƙungiyarsu ta duniya. Solarin ya dawo gida da irin wannan tunani, tare da yaƙinin cewa ilimi mai haɗe da aikin hannu shi ne abin da Najeriya ta fi buƙata yayin da take shirin karɓar mulkin kai.

Kwalejin Molusi

A 1952 aka naɗa shi shugaban Kwalejin Molusi da ke Ijebu-Igbo. Ya gaji Stephen Oluwole Awokoya, wanda ya zama ministan ilimi na Jihar Yamma kuma ya jagoranci shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a yankin a 1955.

A wancan zamani yawancin makarantun sakandare na kudancin Najeriya a hannun coci-coci suke, waɗanda ba na coci ba ma tsarin mishan suke bi. Ana buɗe kowace rana da waƙoƙin coci da addu'a, ranar Lahadi kuma a jera ɗalibai zuwa ibada. Hukumar gudanarwar Molusi ta so a ci gaba da haka. Solarin ya ƙi, yana ganin ba aikin makaranta ba ne ta tilasta wa yaro ibada, kuma ba daidai ba ne shi ya jagoranci addu'ar da bai yi imani da ita ba. Da saɓanin ya ƙi ƙarewa, sai ya ajiye aikin a 1955. Wannan ne karo na farko cikin sau uku da ya bar babban muƙami da kansa saboda abin da yake gani ya saɓa wa ƙa'idarsa.

Makarantar Mayflower

Ranar 27 ga Janairu 1956 Tai da Sheila suka buɗe makarantar Mayflower a Ikenne da ɗalibai kusan 70. An ɗauko sunan daga jirgin ruwan da ya kwashi wasu Turawan Ingila zuwa Amurka a 1620, bayan sun guje wa takurawar da ake yi musu kan yadda suke ibada. Mutanen jirgin masu tsananin riƙo da addini ne. Abin da Solarin ya ɗauka daga labarinsu shi ne barin inda ake tilasta wa mutum aƙida domin a fara sabuwar rayuwa. Taken makarantar yana nufin ilimi haske ne.

Abubuwa biyu suka bambanta Mayflower da sauran makarantun lokacin. Na farko, babu ibadar dole a tsarinta, kuma addinin yaro ko na iyayensa ba sharaɗi ba ne wajen ɗaukarsa. Na biyu shi ne dogaro da kai. Ɗalibai da malamai, har da shugaban makarantar, su suka buga bulo suka gina azuzuwa da ɗakunan kwana na farko. Suna noma wani ɓangare na abincinsu, suna kiwo, suna shara da gyaran abin da ya lalace. Solarin yana ganin babbar illar ilimin da Turawan mulkin mallaka suka bari ita ce ya sa mai takardar shaida yana ƙyamar fartanya da guduma, yana jiran aikin ofis. Haka kuma aikin hannun ya rage kuɗin tafiyar da makarantar, abin da ya ba 'ya'yan marasa ƙarfi damar shiga.

Makarantar ta yi suna wajen horo mai tsanani da kiyaye lokaci, ta kuma jawo ɗalibai maza da mata daga sassan ƙasar daban-daban. Solarin ya shugabance ta shekara 20, zuwa 1976, a zamanin da gwamnatocin jihohi ke karɓe makarantu masu zaman kansu. Shi da matarsa sun ci gaba da zama a Ikenne suna kula da ɗalibai bayan haka.

Cikin tsofaffin ɗaliban Mayflower akwai William Kumuyi, wanda ya koyar da lissafi a makarantar bayan ya gama ta, daga baya kuma ya kafa cocin Deeper Life, ɗaya daga cikin manyan coci-cocin Najeriya. Ana kawo wannan a matsayin shaida cewa makarantar ba ta raba ɗalibanta da addini ba, duk da an san matsayin mai ita.

Ra'ayinsa kan addini da ɗabi'a

Solarin bai yarda da samuwar Allah ba, bai kuma ɓoye hakan ba. Ra'ayinsa, kamar yadda ya bayyana a maƙalolinsa, ya tsaya a kan abubuwa uku.

Na farko, ɗabi'a ta gari ba ta dogara da aƙida. A ganinsa ana gane mutumin kirki ne ta yadda yake mu'amala da mutane: ko yana faɗin gaskiya, ko yana cika alkawari, ko yana taɓa dukiyar jama'a. Ya sha nuna cewa wuraren ibada suna ƙaruwa a Najeriya amma cin hanci bai ragu ba, yana mai cewa hakan ya isa ya sa a daina auna nagartar mutum da yawan ibadarsa. Littafinsa na 1959, Towards Nigeria's Moral Self-Government, ya fito shekara guda kafin samun 'yancin kai, kuma jigonsa shi ne mulkin kai na siyasa ba zai amfani ƙasa ba idan mutanenta ba su iya mulkin halayensu ba.

Na biyu, alhakin gyara yana wuyan mutane. Ya soki ɗabi'ar jingina talauci, cuta da rashin shugabanci na gari ga ƙaddara, alhali akwai abin da hannu zai iya yi. Rijiyar da ba a haƙa ba, ko asibitin da aka cinye kuɗinsa, a wurinsa laifin wasu mutane ne da ake iya kiran sunansu.

Na uku, ma'anar rayuwa tana cikin aiki da hidima. Tun da bai sa ran wata rayuwa bayan mutuwa ba, ya ɗauki shekarun da mutum ke da su a duniya a matsayin dukkan jarinsa, kuma abin da zai rage bayansa shi ne amfanin da ya yi wa wasu. Daga nan ne ya ɗauki koyarwa a matsayin aikin da ya fi kowane daraja.

Irin wannan matsayi yana da kariya a dokar ƙasa. Sashe na 10 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin tunani da aƙida da addini. Sai dai a zamantakewa, ƙasar ta kasance mai tsananin riƙo da addini a zamanin Solarin da bayansa, kuma masu ra'ayi irin nasa ba su taɓa yawa ba.

Salon rayuwarsa

An san Solarin da shiga iri ɗaya: gajeren wando da riga na kaki, da takalmin kambas, wani lokaci da hula. Da ita yake shiga aji, da ita yake zuwa gaban shugabanni. An danganta wannan shiga da nuna rashin amincewarsa da yadda aka bar miliyoyin yara ba makaranta. Ya zauna a harabar makarantarsa, yana aikin gona tare da ɗalibai, bai kuma karɓi sarautar gargajiya ba a yankin da masu hali ke rububinta. Laƙabin Dakta da ake sa masa na girmamawa ne, daga Kwalejin Alma ta jihar Michigan a Amurka.

Wadatar zuci a wurinsa tana nufin rage buƙata domin kada a sami abin da za a saye mutum da shi. Wanda bai saba da tsada ba, ba ya tsoron rasa muƙami, don haka yana iya faɗin abin da ya gani.

Wani aiki da ya ƙara fito da sunansa shi ne ɗauke gawarwakin da ake bari a gefen titunan Legas da kewaye, waɗanda mutane ke wucewa saboda tsoron kada 'yan sanda su riƙe su. Solarin yakan tsaya ya ɗauke su da hannunsa ya kai inda ya dace, domin ya kunyata hukumomin da aikin ya rataya a kansu. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya shiga aikin agaji ga yaran da yunwa ta galabaita a yankin gabas, kuma Mayflower ta karɓi wasu daga cikinsu.

Ta fuskar sauƙin rayuwa da tsayawa wa talaka, tarihinsa ya yi kama da na Malam Aminu Kano (1920–1983). Dukansu malaman makaranta ne da suka karanci aikin koyarwa a Jami'ar Landan, dukansu kuma sun bar duniya ba su tara dukiya ba. Bambancinsu yana wajen tushe: Malam Aminu masanin addini ne da ya kafa hujjojinsa na adalci a kan koyarwar Musulunci, Solarin kuwa ya kafa nasa a kan hankali da ɗan'adamtaka.

Rubuce-rubuce

Solarin ya fara rubuta shafi na kai a kai a jaridar Daily Times a 1958, ya kuma fara rubuta wa Nigerian Tribune a 1967. Turancinsa mai sauƙi ne, gajerun jimloli, da misalai daga gona da aji da kasuwa, abin da ya sa ɗaliban sakandare ma ke iya karanta shi.

Maƙalarsa da ta fi shahara ita ce May Your Road Be Rough, wadda ta fito ranar 1 ga Janairu 1964. A maimakon fatan sauƙi da aka saba yi a sabuwar shekara, ya yi wa masu karatu fatan hanya mai gargada, bisa hujjar cewa babu abin kirki da ake samu ba tare da wahala ba. Sauran littattafansa sun haɗa da Thinking with You, A Message for Young Nigerians, To Mother with Love, da tarihin makarantar Mayflower.

Gwagwarmaya da tsarewa

Ranar 1 ga Oktoba 1974 Janar Yakubu Gowon ya sanar cewa alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba. Solarin ya rubuta maƙala mai suna The Beginning of the End, yana cewa karya alkawarin shi ne mafarin faɗuwar gwamnatin, ya kuma riƙa raba ta da hannunsa. An kama shi aka tsare. Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da Gowon.

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a 1975, kuma an naɗa Solarin kwamishinanta mai kula da jihohin Oyo, Ogun da Ondo. Bai daɗe ba ya yi murabus, bayan an same shi da laifin da ya shafi lasisin tuƙi. Laifin ƙarami ne, babu kuma wanda ya tilasta masa sauka, amma ya ga wanda ya taka doka bai cancanci ya zauna yana sauraron ƙarar wasu ba. Har yau ana kawo wannan murabus a matsayin misali idan ana maganar jami'an da ke manne wa kujera.

A Jamhuriya ta Biyu ya riƙa tsayawa a dandalin Campos da ke Legas yana yi wa jama'a jawabi kan halin ƙasa, abin da ya sha haɗa shi da 'yan sanda. Tsarewa mafi tsawo ta zo a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. An kama shi a watan Maris 1984 bayan ya nemi sojoji su gaggauta mayar da mulki ga farar hula, aka riƙe shi ba tare da shari'a ba a ƙarƙashin Doka ta 2 har kusan wata 17, duk da yana fama da ciwon asma. An sake shi a watan Agusta 1985.

Bankin Al'umma

A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa People's Bank of Nigeria, bankin da aka tsara don bai wa ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu rance ba tare da jingina ba, bisa kwaikwayon Bankin Grameen na ƙasar Bangaladash. An naɗa Solarin shugaban hukumar gudanarwarsa. Ya karɓa ne bisa hujjar cewa dama ce ta kai kuɗi hannun talaka. A farkon shekarun 1990 ya sauka, yana zargin cewa an ƙi hukunta jami'an da suka yi almundahana da kuɗin bankin. A shekarar 2000 aka haɗe bankin da wasu hukumomin ba da rance na gwamnati, haɗakar da ta zama Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna.

Suka

Malaman addini sun ƙalubalanci Solarin tun daga zamanin Molusi. Wasu sun ce kyawawan halayen da ake yabonsa da su ya samo su ne daga tarbiyyar mishan da ya taso a cikinta, don haka rayuwarsa ba ta tabbatar da cewa ɗabi'a na iya tsayuwa ba addini ba. Wasu kuma sun ce abin da mutum ɗaya mai ƙarfin hali ya iya, ba lallai al'umma gaba ɗaya ta iya ba. Magoya bayansa suna amsawa da cewa dubban mutane sun bi ta makarantun mishan ɗin nan ba su fito da irin halinsa ba. An kuma zarge shi da kaifin harshe wajen sukar addini, wanda ya ɓata wa masu ibada da dama rai.

A siyasa, karɓar muƙami daga Babangida ya jawo masa suka daga abokan gwagwarmayarsa, waɗanda suka ga gwamnatin soja ta yi amfani da sunansa ne don wanke kanta. Haka nan a 1989, lokacin zanga-zangar adawa da shirin tsuke bakin aljihu, ya yaɗa wani zargi kan dukiyar shugabannin soja da aka ce mujallar Ebony ta Amurka ce ta buga. Da jami'an tsaro suka nemi ya kawo mujallar, bai iya ba, aka kuma nuna tambayoyin da aka yi masa a talabijin. Lamarin ya taɓa mutuncinsa, musamman da yake shi ne mai koya wa ɗalibai kada su karɓi magana ba hujja.

Mutuwarsa

A shekararsa ta ƙarshe Solarin yana cikin masu neman a mutunta zaɓen 12 ga Yuni 1993 da sojoji suka soke. Ya mutu a Ikenne ranar 27 ga Yuli 1994. Ya bar wasiyya cewa a binne shi cikin sauƙi, ba ibadar coci, ba shagali, saɓanin al'adar yankin inda jana'izar babban mutum kan ci kwanaki da kuɗi masu yawa. An binne shi a Ikenne. Sheila ta ci gaba da zama a garin tana aikin ilimi har ta mutu a 2012.

Tunawa da shi

Bayan mutuwarsa gwamnatin Jihar Ogun ta sa wa kwalejin horar da malamanta sunansa. A 2005 aka kafa Jami'ar Ilimi ta Tai Solarin a Ijagun, kusa da Ijebu-Ode, wadda ita ce jami'a ta farko a Najeriya da aka keɓe don horar da malamai. Ƙungiyoyin masu ra'ayin ɗan'adamtaka na Najeriya suna ɗaukarsa a matsayin magabacinsu. Makarantar Mayflower tana nan tana aiki a Ikenne, kuma tsofaffin ɗalibanta, waɗanda akasarinsu Kirista ne da Musulmi, suna shirya tarukan tunawa da shi.